Yanzu Gani Ma Bai Kori Ji Ba

Baffa Mai Ritaya (Jekadafari):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna shi tsakani da Allah, ba don a ci mutuncin kowa ba.

A zamanin da muka taso, in gardama ta kaure a majalisa, magana ɗaya ke kashe ta: na ji a BBC. Daga nan kowa ya kama bakinsa. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake aiki, ga Rediyon Kaduna, ga Muryar Jamus da Muryar Amurka, ga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Suna kuskure su ma, amma ka san sunan mai karanta labarin, ka san gidan da yake aiki, in ya yi ƙarya akwai mai tuhumarsa. Wayar salula ta shigo mana a 2001, daga baya intanet ta shige cikin wayar, yau kowa da gidan rediyonsa a aljihu.

Ƙarya dai daɗaɗɗiya ce, ba waya ta kawo ta ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne halin da na ga mutanenmu sun shiga. Mutum ɗaya ne zai gaskata muryar da bai san mai ita ba, an turo masa da tsakar dare, sannan ya ƙaryata sanarwar da ke ɗauke da suna da sa hannu da hatimi. In ka ce masa an faɗa a rediyo, ya ce ai biyan su aka yi. In ka nuna masa bidiyo, ya ce haɗi ne. To me ya rage da zai raba mana gardama? Ina neman jin ta bakinku, musamman ku yara masu ilimin na'urorin nan.

Maman Nana (Tumfure):
Wa alaikumus salam Baffa, Allah ya ƙara girma. Wallahi ka sosa mana inda yake ƙaiƙayi. A zauren danginmu kusan kullum sai an yi rigima kan wannan. Wanda ya turo abu yana ganin taimako ya yi, wanda ya ce ƙarya ce a ce ba shi da ladabi, musamman in babba ne ya turo.

Hamma Injiniya:
Baffa ranka ya daɗe. Bari in yi bayani ta ɓangaren na'ura, domin abin ya wuce inda yawancinmu muke zato.

Da can mai son haɗa hoton ƙarya sai ya iya kwamfuta sosai, ya ɓata lokaci a kai, kuma in ka ƙura ido za ka gane ɗinkin. Daga ƙarshen 2022, lokacin da aka saki ChatGPT, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka cika duniya, aikin ya koma na kowa. Ka rubuta abin da kake so, na'ura ta zana maka. A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis cikin wata farar rigar sanyi ya zaga duniya, miliyoyi suka yarda, alhali bai taɓa sa ta ba. A watan Mayu na shekarar, hoton ƙarya na fashewa kusa da hedikwatar tsaron Amurka ya ɗan girgiza kasuwar hannun jari kafin a gano. A farkon 2024 kuma a Hong Kong ma'aikacin wani kamfani ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya yi da manyansa. Ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu, ashe duk na'ura ce.

Mu a nan murya ce ta fi haɗari, tunda yawancin iyayenmu saurare suke, ba karatu ba. Yadda abin yake aiki, ana bai wa na'ura maganar mutum da aka naɗa, ta koyi kaurin muryarsa da saurinsa da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Daga nan duk abin da ka rubuta za ta karanta da muryarsa. To wa ya fi kowa yawan murya a intanet a ƙasar Hausa? Malamai masu tafsiri da wa'azi, sai 'yan siyasa da 'yan jarida. Har yanzu Hausar na'urar takan yi tuntuɓe wajen hawa da saukar sauti, amma kullum gyaruwa take.

Sai ɗaya ɓarnar, wadda ni ta fi ba ni tsoro. Wanda aka kama dumu-dumu yanzu ya samu ƙofar fita. A naɗi muryarsa yana neman cin hanci, sai ya fito ya ce na'ura ce ta haɗa, magoya bayansa su ce haka ne. Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an nemo masa shaida.

Alhaji na Tudun Hatsi:
Injiniya ka yi bayani, Allah ya saka. Mu 'yan kasuwa tun kafin na'urar nan taku muka ɗanɗana. Ku tuna canjin kuɗi. An sanar a watan Oktoba na 2022, aka ce 31 ga Janairu tsofaffin kuɗi sun daina aiki, aka dawo aka ce 10 ga Fabrairu. Shugaban ƙasa ya fito ya ce tsohuwar 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa, Kotun Ƙoli kuma ranar 3 ga Maris 2023 ta ce duka suna nan har ƙarshen shekara, Babban Banki bai ce uffan ba sai bayan kwana 10. A tsakanin nan wa za ka bi? Na ga manomi ya kawo buhunan wake daga wajen Dukku, mai saye ya zaro tsofaffin dubu-dubu, manomin ya ƙi taɓawa, ya fito da waya ya kunna wata murya da ke cewa duk wanda aka kama da su za a ɗaure shi. Mai sayen shi ma ya kunna tasa mai cewa kotu ta halatta. Suka tsaya a kan buhu, waya na yi wa waya gardama, har la'asar ba a yi ciniki ba. Ƙarshe ya sayar da araha ga mai tiransifa.

Tiransifar ma yanzu ba ma yarda da alat. Sai yaro ya buɗe manhajar banki ya ga kuɗi sun zauna kafin a ɗora kaya. A kasuwa in aka kama mutum ɗaya da mudu mai ɗagaggen gindi, ranar har mai mudun gaskiya sai an juya nasa an duba. Haka labarai suka zame mana.

Adda Nas (Bajoga):
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan ya shafi aikina kai tsaye.

Duk wanda ya yi hankali a 2014 zai tuna asubar da aka tashe mu da waya a watan Agusta, wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Uwa ce ke kiran ɗiyarta, wa na kiran ƙanensa, kowa don ƙauna. Aƙalla mutum 2 suka rasu, da dama aka kwantar a asibiti, mafi haɗari ga masu hawan jini. Ita kanta cutar mutum 20 ta kama a duk Najeriya, 8 suka rasu, kuma ba ta iso Arewa ba. Wannan fa tun ba a san wata ƙirƙirarriyar basira ba.

Yanzu ga abin da muke gani ranar awo da ranar rigakafi. Mace za ta zo da jaririnta a goye, katin yaro a hannu, ta zauna a benci har layi ya zo kanta. Sai ta ce, Malama kafin ki yi masa ki saurari wannan. Ta zaro waya daga cikin hijabi ta kunna. Muryar namiji ce, a natse, ya fara da bisimilla da salati, ya ce shi likita ne da ya yi aiki a ƙasar waje, ya ce allurar tana hana haihuwa. Babu suna, babu sunan asibiti, babu gari. Na tambaye ta wa ya turo, ta ce kishiyar yayarta. Ita wa ya turo mata? Ba ta sani ba. Matar nan fa ba jahila ba ce, kuma ba ta ƙi ɗanta ba. Ta biya kuɗin mashin daga ƙauye ta zo, zuciyarta na rabe biyu, so take wani ya cire mata kokwanto. In na daka mata tsawa na rasa ta har abada. Don haka nakan ajiye sirinji, in nuna mata tabon allurar da ke hannuna, in ce mata 'ya'yana duk an yi musu, ga sunan unguwarmu, ki tambaya. Yawanci a nan take miƙo yaron. Ba takardar ma'aikatar lafiya ta gamsar da ita ba, ni da ta gani ido da ido ce.

Haka muka sha fama da aka fara allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa ga yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023. Kafin allurar ta iso gari, muryoyin sun riga ta isowa.

Kuma ina roƙon masu ilimin cikinmu su daina yi wa mutanen nan kallon marasa wayo. Tsoronsu yana da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 200 ke cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 aka ce allurar shan inna na da illa, wannan tabon ne ya sa maganar ta samu gindin zama. Kano ta dakatar da rigakafin har tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara da dama suka shanye. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na asali. Me ya dawo da mutane? Sarakuna da masu unguwanni da malamai da suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a.

Barista (Bolari):
Adda, Allah ya biya ki. Ƙarshen maganarki ne nake so in ɗora a kai, domin ni ban yarda a jibga wa waya laifin duka ba. Baffa ka yi haƙuri, ina ganin tambayar da za a fara yi ita ce: su masu hatimin da sa hannun, gaskiya suke faɗa mana?

A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok. Bayan kwana 2 hedikwatar tsaro ta ce an kuɓutar da duka in ban da 8. Iyaye da shugabar makarantar suka ce ba haka ba ne, aka janye maganar. A watan Fabrairu na 2018 aka kwashe 'yan mata 110 a Dapchi, nan maƙwabtanmu Yobe. Gwamnatin jihar ta sanar an ceto wasu, iyaye suka yi murna, daga baya ta ba da haƙuri ta ce bayanin da aka ba ta ba daidai ba ne. Lokacin korona aka ce kowa ya zauna a gida, talaka na jiran tallafi, sai a watan Oktoba na 2020 aka fasa rumbuna a garuruwa daban-daban aka ga kayan abinci jibge. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 hukumar zaɓe ta yi alkawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, na shugaban ƙasa bai hau a kan lokaci ba, aka ce tangarɗar na'ura ce. Ko da gaskiya ce tangarɗar, wa zai yarda?

Wanda ya ga waɗannan da idonsa, in gobe hukuma ta ce masa labarin kaza ƙanzon kurege ne, me zai sa ya karɓa? Jita-jita a wurin da aka yi shiru take tsirowa. Ku tuna maganar Jubril na Sudan, jita-jitar da aka yaɗa cewa Shugaba Buhari ya rasu an kawo mai kama da shi ya maye gurbinsa. Shugaba Buhari, Allah ya jiƙansa, ya yi watanni yana jinya a Landan a 2017 ba a faɗa wa 'yan ƙasa me ke damunsa ba. Sai da ta kai shi da bakinsa a Poland, a watan Disamba na 2018, yana cewa shi ne dai ba wani ba. Da an yi bayani tun farko da ba a kai nan ba.

Baffa Mai Ritaya (Jekadafari):
Barista babu abin haƙuri, don haka na kawo maganar. Na karɓi wannan. Sai dai a zamaninmu ma gwamnati na ɓoye abu, har ta fi ta yanzu, tunda mulkin soja ne. Shi ya sa muke kamo tashoshin waje da asuba da dare. Akwai inda za ka gudu ka ji. Yau wurin gudun ne ke ƙarewa. Ga Muryar Amurka ta yi tsit a watan Maris na 2025 bayan umarnin gwamnatinsu, mutanen karkara da suka saba da ita shekara da shekaru sai suka ji shiru kawai.

Kawu Direba (Tashar Dukku):
Ni dai a ganina a kafa doka mai tsanani. Duk wanda ya ƙirƙiri ƙarya a ɗaure shi. In ta kama a rufe kafar ma gaba ɗaya a huta.

Barista (Bolari):
Kawu, an gwada ai. An rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, ƙarya ba ta ragu ba, matasa suka bi ta bayan gida suna shiga, masu sana'a a kai suka yi asara. Doka kuma akwai ta, dokar laifukan intanet ta 2015. Sashe na 24 nata an fi jin sa wajen kama 'yan jarida da masu sukar manya, har aka yi masa gyara a 2024. Matsalar ita ce wa zai yanke cewa wannan ƙarya ce? In mai mulki ne, to da iyayen Chibok ne za a fara ɗaurewa ranar da suka ce ba a ceto 'ya'yansu ba. Wanda ya yi wa mutum ƙazafi ko ya tunzura a kashe rai, wannan a kai shi kotu, akwai dokarsa tun tuni.

Auta (ɗalibi):
Iyayena da yayyena a gafarce ni in sa baki. Akwai abin da ba a taɓo ba, wato kuɗi. Yawancin abokanmu da ke da shafuka ba ƙiyayya ke sa su ba, nema ne. Facebook da YouTube suna biyan mai shafi gwargwadon yawan masu kallo, a TikTok kuma ana samun kyaututtuka da talla. Manhajar an gina ta ne ta riƙa tura maka abin da zai tsayar da kai, kuma ba abin da ke tsayar da mutum kamar tsoro da fushi. Ka rubuta an gyara famfon unguwa, mutum 10 ne za su duba. Ka rubuta innalillahi, yanzu-yanzu, ka sa hoton wani jarumi ka ce ya rasu, kafin azahar dubbai sun shigo. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun duba Twitter suka fitar da sakamako a 2018 cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne ke yaɗawar.

Ga kuma 'yan data na 'yan siyasa. Ana ba yaro kuɗin data da ɗan na cefane, aikinsa ya yabi maigida ya ɓata abokin hamayya. Ya gama makaranta ba aiki. Ban ce daidai ba ne, amma in ba a kalli yunwar da ke bayan abin ba, wa'azi kaɗai ba zai hana ba.

Mama daga Kaltungo:
Gaisuwa ga kowa. Ɗana Auta ka faɗi gaskiya. Ni tsorona a kan zaman lafiya ne. Jiharmu ta Gombe Musulmi da Kirista ne, gida ɗaya ma za ka samu duka biyu, ga Tangale ga Waja ga Tera ga Fulani ga Bolawa. A watan Yuni na 2018 lokacin rikicin Filato an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook aka ce na kashe-kashen ne. Binciken BBC ya gano wani bidiyon daga Kongo yake, tun 2012. Amma kafin a gano, matasa sun tare hanya, matafiya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka rasa rayukansu. Haka a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo kan zargin masu garkuwa da mutane ne. Gyaran labari yana zuwa ne bayan an binne mutane. Duk lokacin da wani abu ya taso a kudancin jihar nan, kafin in karanta komai a waya nakan kira maƙwabciyata ta dā, Musulma ce, in ce me kika gani da idonki? Ita ma haka take kira na.

Ustaz (Pantami):
Mama mun gode, wannan da kike yi shi ne asalin abin da addini ya koyar. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci muminai, in fasiƙi ya zo da labari su bincika, don kada su cutar da wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Ku duba, ayar ta ambaci cutar da mutane, ta ambaci nadama. Kuma ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Amma ina so in ja hankalinmu ga wani abu da muka gada muka yi sakaci da shi. Malaman hadisi sun fuskanci irin wannan fitinar. Mutane suka riƙa ƙirƙirar magana suna jingina wa Annabi, wani don siyasa, wani don ƙabilanci, wani ma da niyyar sa mutane ibada. Ba su ce a daina karɓar hadisi gaba ɗaya ba, ba su kuma ce a karɓi kowanne ba. Sai suka ce, faɗa mana mutanenka. Wa ya gaya maka? Shi wa ya gaya masa? Sun haɗu kuwa? An san shi da gaskiya? Yana da riƙo ko mai mantuwa ne? Wannan shi ne isnadi. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. In a cikin sarƙar akwai wanda ba a san ko wane ne ba, maganar ta raunana ko da ta yi daɗin ji.

To ku auna muryar da Adda ta ba mu labari da wannan ma'auni. Mai maganar ba a san shi ba, wanda ya fara turowa ba a san shi ba. Ɗalibin shekarar farko a ilimin hadisi zai ajiye ta gefe. Amma mu sai mu tura saboda ya fara da bisimilla, ya rufe da cewa don Allah ka tura wa wasu. Kuma Injiniya, ina ganin wannan ma'aunin na'urarku ba ta karya shi ba. Tana iya kwaikwayon muryar malami, amma malamin yana nan da rai, yana da masallaci, yana da almajirai, ana iya zuwa a tambaye shi.

Hamma Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, haka ne, kuma masana harkar ma can suka karkata, wato a san asalin abu maimakon dogaro da ido. Shawarar da nake bai wa mutane a gida: in an kira ka da muryar ɗanka yana kuka yana neman kuɗi, ka kashe, ka kira shi da kanka a lambar da ka sani. In hoto ne, Google na da hanyar da za ka sa hoton ya nuna maka inda ya taɓa fitowa. WhatsApp kuma yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa, wannan alamar kaɗai ta isa ta sa ka dakata. Akwai masu aikin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check. Sai dai su kaɗan ne, kuma ba sa ganin abin da ke yawo cikin zaurukan WhatsApp, balle murya da Fulatanci ko Tangale.

Barista (Bolari):
Malam na yarda da isnadi, amma a ɗora shi a kan kowa. Kakakin gwamnati ma a duba tarihinsa, in an taɓa kama shi da ƙarya a rage masa daraja kamar yadda malaman suka yi wa maruwaita.

Ustaz (Pantami):
Ƙwarai kuwa Barista. Ba su duba rawani ko muƙami ba.

Maman Nana (Tumfure):
To ni ina da shawara ga masu kula da zauren nan. Daga yau duk wanda zai turo labari ya rubuta a ƙasa inda ya samo shi, ko ya ce ni na gani da idona a wuri kaza. Muryar da ba sunan mai ita a goge. Kuma in an goge na babba kada ya ji an raina shi.

Kawu Direba (Tashar Dukku):
Hajiya ban ƙi ba, amma a bar mana ƙofa. Mu direbobi wani lokaci saƙon da ba suna ne ke tsirar da mu, a ce kada a bi hanya kaza an tare, ko ruwa ya cinye gada. In na tsaya neman isnadi na riga na faɗa ciki.

Alhaji na Tudun Hatsi:
Kawu yana da gaskiya a nan. Amma ko a wannan ai za ka iya cewa direban kaza ne ya kira ni daga wurin, da ƙarfe kaza, yau. Saƙon tare hanya na bara ma yakan dawo yana yawo kamar sabo, mutane su fasa tafiya a banza. A sa rana da lokaci da wuri, in ba a tabbatar ba a rubuta ba a tabbatar ba.

Kawu Direba (Tashar Dukku):
Wannan zan iya.

Adda Nas (Bajoga):
Na goyi baya. Ina kuma da roƙo tunda an taru. Matan da ke zuwa wurinmu ba sa cikin zaure irin wannan, kuma rubutu ba ya isa gare su. Ina so mu naɗi gajeren bayani kan rigakafin yara, mai magana ya faɗi cikakken sunansa da unguwarsa da aikinsa tun a farko, yadda duk mai shakka zai iya nemo shi. Ni zan yi na Hausa. Malam, in za ka yi mana minti 2 a kan hukuncin yaɗa abin da ba a tabbatar ba, zai taimaka ƙwarai. Mama ko za ki samo mana mai yi da Tangale? Na Fulatanci kuma har yanzu ban samu kowa ba.

Ustaz (Pantami):
In sha Allahu zan naɗa bayan sallar isha'i in turo miki.

Mama daga Kaltungo:
Zan yi da kaina 'yata, ki turo mini abin da za a faɗa in duba.

Baffa Mai Ritaya (Jekadafari):
Na Fulatancin ki bar mini. Ki haɗa ni da likitan wurinku tukuna in ji bayanin daga bakinsa kafin in sa sunana.